Gidan Nasif na Jidda ya tsira, amma ina maƙwabtansa?

Tun da aka mayar da wasu tsofaffin gidajen attajiran Jidda uku otal-otal na alfarma a 2024, wato Gidan Jukhdar da Gidan Rayyis da Gidan Kidwan, hotunansu ba su daina yawo a wayoyinmu ba. Wanda ya dawo Umara ya ɗora nasa, wanda bai je ba ya kwafo na wani. Ga tagogin katako sun sha mai, ga fitilu ruwan zuma, ga shimfiɗu kamar na gidan sarauta. A ƙarƙashin kowane hoto kuma yabon iri ɗaya ne, wai Saudiyya ta nuna wa duniyar Musulmi yadda ake adana tarihi, mu ma mu je mu koyo. Har 'yan bokonmu da ya kamata su tsaya su yi tambaya sun bi sahu. Wannan yabo ya dame ni ƙwarai, domin a fatar bango ya tsaya. Abin da aka adana a tsohuwar Jidda dutse ne da katako. Mutanen da suka sa dutsen da katakon suka zama gari an kwashe su da katafila a daidai lokacin da ake goge ƙofofin, kuma da yawa daga cikinsu jininmu ne.

Babu inda maganar ta fi fitowa fili kamar a gidan da ya fi kowane gida suna a wurin, Gidan Nasif, wanda ke kan hanyar kasuwar Alawi a unguwar Yaman. Shi ba a mayar da shi otal ba, gidan tarihi ne da ake shiga kallo. Amma shi ne fuskar tsohuwar Jidda, da shi ake tallar ta, don haka da shi ya dace a auna abin da aka riƙe da abin da aka zubar.

Jidda ba ta da kogi, ba ta da gona. Tun da Halifa Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, abu biyu take ci da su: mahajjaci da bafatake. Don tsare waɗannan biyun aka kewaye ta da ganuwa a farkon ƙarni na 16, zamanin Sarkin Masar Ƙansuh al-Guri, lokacin da jiragen yaƙin Fotugal suka fara leƙowa Bahar Maliya. A 1869 aka buɗe mashigin Suwez, jiragen ruwa masu tururi suka riƙa ratsowa tsakanin Turai da Indiya suna yada zango a Jidda, alhazai suka ƙaru, shinkafa da gahawa da yadi da kayan ƙanshi suka cika shaguna. Shekara uku bayan buɗe mashigin, a 1872, Umar Nasif ya sa aka haƙa harsashin gidansa. Attajiri ne, kuma wakilin Sharifin Makka a Jidda, ga dukiya ga iko a hannu ɗaya. Sai a 1881 aka gama ginin. Shekara tara cur ana aiki a gida ɗaya.

Wanda ya san abin da aka gina gidan da shi ba zai yi mamakin shekara taran ba. Dutsen Jidda daga teku yake. Murjani ne da ya daskare a bakin gaɓa, ana sara shi kamar tubali, mutanen gari suna kiran shi hajar mankabi. Ba shi da nauyi, yana da 'yan ƙofofi a jikinsa kamar soso, shi ya sa ba ya riƙe zafi sosai. Illarsa ita ce taushi, ga gishiri a cikinsa, iskar teku mai ɗumi da laima kuma tana cin sa a hankali. Maginan Jidda sun san halin kayan aikinsu. Sukan jera 'yan layukan dutse, su shimfiɗa katako a kwance a cikin bangon, su sake jera dutse, su sake sa katako, haka har sama. Katakon nan shi ke raba nauyi, shi ke hana bango tsagewa idan ƙasa ta motsa, domin ƙasar Jidda ruwa na kusa da ita, gidaje da yawa sun karkata saboda haka. Idan kuma wani layin dutse ya ruɓe, magini zai iya tokare katakon ya zare ruɓaɓɓen ya sa sabo, ba sai an rushe bangon ba. Duk wanda ya ga yadda maginanmu ke sa azara a ginin soro zai gane dabarar da kallo ɗaya. Bangon kan yi kauri a ƙasa, ya riƙa sirancewa yana hawa. A ƙarshe a yi masa yaɓe da farar ƙasa, kuma yaɓen nan ba na sau ɗaya ba ne, sai an riƙa sabunta shi. Gini ne mai bukatar hannu kullum. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

Sai tagogin da suka sa Jidda ta yi suna, waɗanda ake kira rawashin. Taga ce ta katako da ke turo ƙirji kan titi, an sassaƙa ta raga-raga da 'yan ƙofofi da ake ɗagawa a sauke. Katakon ba na Hijaz ba ne, domin babu dajin da za a saro shi. A jirgin ruwa yake zuwa daga Indiya da Jawa, a hanyar da alhazan can suke biyowa. Mai kallo daga waje ado yake gani, amma aiki uku taga ɗaya take yi: tana tare rana, tana jawo iskar teku cikin ɗaki, tana kuma ba matan gida damar ganin abin da ke gudana a titi ba tare da an gan su ba. A cikinta akwai dakalin zama da shimfiɗa, nan ake hira, nan ake kishingiɗa, nan ake ajiye tulunan ruwa iska ta sanyaya su. A Gidan Nasif rawashin ɗin sun hau bisa babbar ƙofa ta fuskar arewa, wadda ita ce fuskar da iska mai sanyi ke bugowa a Jidda. Babu abin da aka sa a wurin don ƙawa kaɗai.

Ana hawa 'yan matakala kafin a kai bakin ƙofa, domin an ɗaga daɓen gidan sama da titi. A ƙarƙashinsa akwai matattarar ruwa. A garin da sai a shekara ba a ga ruwan kirki ba, duk ɗigon da ya sauka a kan rufi ana bi da shi ta bututu zuwa ƙasa a adana. Ruwa a Jidda ta wancan zamani dukiya ne da ake saye da sayarwa, injin tace ruwan teku da mutanen gari suka sa wa suna kindasa sai a farkon ƙarni na 20 ya zo. Daga ƙofa sai a faɗa wani faffaɗan ɗaki da suke kira dihliz, wanda shi ne zaurensu. Nan baƙo yake tsayawa, nan ake ciniki da karɓar gaisuwa, ɗakunan baƙi suna dama da hagu. Mata suna da tasu ƙofar daban. Iyali suna sama, kuma gwargwadon hawa gwargwadon sirri da iska, har a kai can ƙololuwa inda aka yi wani ɗaki na katako zalla mai tagogi ta kowace fuska, wurin shan iska a daren bazara. Bahaushen da ya tashi a gida mai zaure da shigifa da cikin gida ba zai ɓata a wannan tsari ba. Mu mun shimfiɗa namu a kwance saboda muna da fili, su sun miƙar da nasu tsaye saboda ganuwa ta matse su.

A gaban gidan akwai bishiyar darbejiya, dogon yaro, irin wadda muke ɗaure akuya a gindinta ba tare da mun ɗaga kai ba. A Jidda ta da, abin kallo ce. Mutanen gari suna cewa har wajen shekarun 1920 ita kaɗai ce bishiya a cikin ganuwa, shi ya sa ake kiran wurin gida mai bishiya, da ita ake yi wa baƙo kwatance. Tana nan har yau.

Jikan mai gidan, Shehu Muhammad Nasif, wanda aka haifa a 1885 ya rasu a 1971, shi ya ba gidan darajar da ta wuce ta kuɗi. Malami ne mai son littafi, ya tara kusan littattafai 16,000, ya kashe dukiyarsa wajen buga littattafan magabata yana rabawa. Malaman da suka sauka daga jirgi za su Makka, daga Masar da Sham da Indiya da Magrib, da yawa a gidansa suke sauka, su ci, su kwana, su yi karatu. Littattafan yanzu suna Jami'ar Sarki Abdul'aziz. Daga wannan zuri'a ne aka samu Dakta Abdullahi Umar Nasif, wanda ya riƙe babban sakataren Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, daga 1983 zuwa 1993, malamanmu da yawa sun san shi. A wannan gida ne kuma Sarki Abdul'aziz ya sauka a watan Disamba na 1925, bayan dakarunsa sun yi kusan shekara suna kewaye da garin har Sarki Ali ɗan Sharif Husaini ya fita ta teku. Nan ya riƙa karɓar manyan gari da jakadu kafin a gina masa fadar Khuzam. Saukar sarki ita ce ta ceci gidan daga baya, kowa ya san haka. Da a ce malamai kaɗai suka kwana a cikinsa, ba lallai ne gwamnati ta saye shi a 1975 ba.

Labarin da masu yi wa baƙi jagora suka fi so shi ne na matakalar gidan. Faffaɗa ce, hawanta gajeru, a kwance-kwance take tafiya, har ana cewa raƙumi kan hau ta da kaya zuwa madafar da ke hawa na huɗu. Kowa ya ji sai ya yi murmushi ya ɗauki hoto. Ana maganar raƙumin, ba a maganar wanda ya ja akalarsa. Ba a maganar wanda ya sara dutsen yana tsaye cikin ruwan gishiri, da wanda ya sauke katakon daga jirgi, da wanda ya riƙa hawa da salkar ruwa sau goma a yini. Manyan gidajen Hijaz na wancan zamani da bayi da barori suke tafiya, sai a 1962 aka haramta bauta a Saudiyya. Dako da aikin ƙarfi na gari kuwa, babban rabonsa yana wuyan mahajjatan da suka zo da ƙafa daga yammacin Afirka, waɗanda Larabawa ke kira Takarina, mu muka mayar da kalmar Takari. Burckhardt, matafiyin nan ɗan Suwizalan da ya zauna a Jidda a 1814, ya ga suna dakon kaya da hatsi daga jirage zuwa ɗakunan ajiya, suna kawo itace, suna gina murhun yumɓu, suna saƙa tabarma, don su tara guzurin ƙarasawa Makka da na komawa gida. Wannan kusan shekara sittin ke nan kafin a sa harsashin Gidan Nasif.

Kakanninmu ne waɗannan. Su ne suka bi ta Borno da Abeshe da Fashir da Ubayyid, suka yi shekaru a hanya suna ƙwadago a gonakin audugar Sudan, suka tsallaka teku daga Suwakin a kwalekwale. Bayan yaƙin Burmi na 1903 sai ayarin ya ƙara yawa, wasu suka tsaya a Mai Wurno ta Sudan, wasu suka wuce. Waɗanda suka isa Jidda ba a cikin gidajen murjani suka zauna ba. Bukkoki suka yi a bayan ganuwa, bukkokin suka zama gidajen kwano, suka zama na bulo, suka zama unguwanni. Wasu jikokinsu sun samu zama 'yan ƙasa, su ne masu amsa sunan Hausawi da Fallata da Barnawi, har an ga wani Hausawi, Usama, ɗaure da kambun kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Wasu kuwa an haife su a can, an haifi iyayensu a can, amma takarda ba ta taɓa cewa 'yan can ne ba.

A 1947 aka rushe ganuwar Jidda, a shekarar ne kuma ruwan famfo ya iso daga Wadi Faɗima. Kuɗin mai ya shigo, attajirai suka bar tsohon gari suka yi arewa, suka gina gidajen siminti masu na'urar sanyaya ɗaki. Gidajen kakanninsu suka bar wa 'yan haya, talakawan baƙi daga Yaman da Somaliya da Indiya da ƙasashenmu. Shekara da shekaru ana ɗora wa waɗannan bayin Allah laifin lalacewar unguwar, wai sun cika ɗakuna, wai sun ja wayar wuta barkatai. An yi gobara, gidaje sun faɗi, ban musa ba. Amma na ce a riƙe maganar yaɓe. Ginin murjani idan aka rufe shi aka tafi, ruwa ya tsiyaya ba wanda ya gani, gara ta shiga katako ba wanda ya ji, cikin 'yan shekaru zai zube. Gidan da mutum ke kwana a ciki, ko da da tsumma ne zai toshe inda yake yoyo. Masu gidajen da suka riƙa karɓar haya ba su sa ko kwabo a gyara ba, su ba a ambaton su. Ɗan hayar da ya riƙe gidan da ransa na tsawon shekara hamsin shi ne mai laifi.

Hukuma ta farka a hankali. Zamanin magajin garin Jidda Muhammad Sa'id Farisi, wajen 1980, aka bi gida-gida aka yi wa ɗaruruwan gine-gine rajista, aka kasa su daraja-daraja, aka hana taɓa su. A 2014 UNESCO ta sa tsohuwar Jidda cikin jerin wuraren tarihi na duniya, da laƙabin ƙofar Makka. A 2019 Yarima Muhammad bin Salman ya ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da suke gab da faɗuwa. A 2023 asusun zuba jarin gwamnati ya kafa kamfani na musamman don raya unguwar. Aikin da kafintoci da magina suka yi yana da kyau, idona ya gani, ba zan rage musu komai ba.

To amma a duba abin da ke faruwa a bayan bango a waɗannan shekarun. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka yi rusau a unguwanni fiye da 60 na Jidda: Sabil, Gulail, Bitrumin, Karantina, Kandara, Hindawiyya da sauransu. Duk alhajin da ya taɓa neman tuwo da miyar kuka a Jidda ya san waɗannan sunaye. Ana zuwa a fesa wa bango jan fenti da kalma ɗaya ta Larabci, ikhla, wato a tashi. Wasu an ba su makonni, wasu kwanaki, sai a yanke wuta da ruwa. Ƙungiyar Amnesty International ta ce abin ya shafi mutum fiye da rabin miliyan, kusan rabinsu baƙi ne, kuma tsarin diyyar bai haɗa da baƙi ba. A watan Disamba na 2021, katafila tana cin Gulail da Bitrumin, aka shimfiɗa jar darduma a tsohon gari don bikin fina-finai na Bahar Maliya na farko, aka yi tseren motoci a bakin teku, aka kuma ba da sanarwar sabon aikin tsakiyar Jidda na riyal biliyan 75. Tsakanin inda ake tafawa da inda ake kuka, tafiyar 'yan mintuna ce a mota. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Karantina ta samu sunanta ne daga wurin da ake killace alhazai don gudun annoba. Wannan ba tarihin aikin Hajji ba ne? UNESCO ta karrama Jidda ne saboda ƙofar Makka ce, saboda mutanen kowace nahiya sun ratsa ta sun bar alamarsu. Attajirin da ya sayar wa mahajjaci shinkafa an yi wa gidansa rajista, an sa masa lamba, an haska shi da fitila. Mahajjacin da ya ci shinkafar, ya rasa kuɗin komawa, ya zauna ya haihu ya gina masallacin unguwa, shi an share wurinsa tas kamar ba a taɓa kiran salla a can ba. Wanda ya kira wannan adana tarihi ya yi kitso da ƙwarƙwata.

Na san amsoshin da za a ba ni. Za a ce unguwannin matattarar ƙwaya da ɓarayi ne, ba tsari, ba magudanar ruwa, a tuna mini da ambaliyar 2009 da ta kashe mutum fiye da 100. Amma maganin unguwa marar magudana shi ne a yi mata magudana, kuma tsohon garin da ake lallaɓawa yau an daɗe ana jifan sa da irin wannan zargi. Za a ce ƙasarsu ce, su yi yadda suka ga dama. Haka ne, ba kuma wanda ya tilasta mana tafa musu. Wasu za su ce laifi tudu ne, mu da muka yanka badalar Kano filoti-filoti ina bakinmu. Ɓarnar da muka yi a gida ba ta wanke ta wani ba, ta dai nuna cutar iri ɗaya ce. Akwai kuma masu ganin duk wani riƙon tsohon gini ƙofar shirka ce. Babu mai neman tabarruki a matakalar raƙumi, kuma Shehu Muhammad Nasif da ya rayu a gidan har ƙarshen ransa yana cikin masu tsananin kishin tauhidi na zamaninsa.

Abin da ya fi ci mini rai game da otal-otal ɗin shi ne yadda suka juya ma'anar gidajen. Gidan attajirin Jidda gidan saukar baƙi ne. Lokacin Hajji iyalai da yawa sukan matsa su koma saman bene, su bar wa mahajjata ɗakunan ƙasa, wasu da haya, wasu don Allah. Akwai gidajen waƙafi da aka keɓe wa gwauraye mata da matalauta da baƙin da guzuri ya ƙare musu. Dihliz ɗin Gidan Nasif ya ga malamin da ya zo da jakar littafi ɗaya da riga ɗaya a wuya. Yau an gyara irin waɗannan ɗakuna don mai katin banki mai nauyi, alhajin da ya sayar da gona ko shanu ya biya kujera ba zai wuce bakin ƙofa ba. Idan aka ci gaba a haka, nan da shekara goma za a samu unguwa mai tsabta, mai haske, mai shagunan gahawa, wadda babu yaro ko ɗaya da aka haifa a cikinta. Kuma ginin murjani, na faɗa, ba ya son zaman kaɗaici.

Mu ma da namu sakacin. Dubun-dubatar alhazanmu na Najeriya da Nijar da Gana suna ratsa Jidda duk shekara. Da yawa sun san Balad, wato tsohuwar Jidda, amma a matsayin kasuwar tsaraba suka san ta: jaka, jallabiya, turare, agogo, zinare. Mutum zai wuce ta gindin darbejiyar nan da ƙullin kaya a ka bai ɗaga ido ba, domin ba wanda ya taɓa gaya masa cewa kakansa mai yiwuwa ya yi dako a wannan titi. Malaman bita suna koyar da ɗawafi da sa'ayi da jifa, wajibi ne su yi. Minti goma a kan yadda magabata suka yi wannan tafiya da ƙafa ba zai rage wa bita komai ba. Hukumar alhazai ta ƙasa da na jihohi suna da motoci a Jidda, suna da jami'ai, suna da alhazan da ke zaman jiran jirgi kwana biyu ko uku suna ƙirga rufin tanti. A kai su su ga gidan, a kuma nuna musu fegin da Karantina take a da.

Ofishin jakadancinmu na Jidda ya kamata ya buɗe baki ya nemi a sa tarihin Takarina a cikin abin da ake nuna wa baƙi a tsohon gari, ko da ɗaki ɗaya ne a cikin ɗaruruwan gidajen da aka gyara. Ba alfarma za a roƙa ba, gyaran labari ne. Jami'o'inmu kuwa, Bayero da Ɗanfodiyo da Maiduguri da Abdu Mumuni ta Yamai, suna da sassan tarihi cike da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Mutanen da aka tiso ƙeyarsu daga Saudiyya suna nan a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram, wasu Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, wasu tsofaffi ne da suka san Sabil tun tana bukkoki. Sun san sunan kowane lungu, sun san wa ya gina wane masallaci, wace tsohuwa ce ke sayar da fura a bakin wace ƙofa. Unguwannin sun tafi, abin da ya rage yana cikin kawunansu. Na'urar ɗaukar murya tana cikin aljihun kowane ɗalibi, kuɗin mota daga jami'a zuwa Fagge ko Kurna bai kai na kwanon shinkafa ba, kuma duk damina ana binne wasu daga cikin tsofaffin nan.